Jar Layar Mani

Wata a cikinku ta turo mini saƙo ta ce, Hajiya Lantana, kullum sai labarin yadda kika yi suna da littafi, yaushe za ki ba mu na saurayi? To yau ga shi. Amma wadda ta zo don ta ji daɗi gara ta ajiye wayar ta je ta ɗora tukunya, domin a wannan kashin ba ni da gaskiya ko ta ƙwayar gero, kuma shekara sittin ke nan ina neman wanda zan ɗora wa laifin ban samu ba.

Lokacin shekara huɗu ke nan da Nijar ta karɓi mulkin kanta. Ina da ashirin da biyu, malama ce a lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, kuma kaina ya fi ƙarfin kallabina. Mata nawa ne a Arewa kaf suka iya riƙe alƙalami a wancan zamanin? In na ratsa kasuwa da takalmina mai ƙwas-ƙwas da jakar fata a hammata, har 'yan koli sai sun bi ni da kallo. Inna dai ba ta ga abin burgewa ba. Ita abu ɗaya ta sani, sa'o'ina suna goyon ɗa na uku, ni ina yawo da littafi a ƙirji.

Wanda nake so sunansa Mani, manomi ne a Kiéché, ɗan kokowa kuma in kaka ta yi. Dogo ne, baƙi, yana magana a hankali kamar mai gudun tada jariri. Tun kafin in tafi makarantar koyon malanta yake zuwa zance ƙofar gidanmu, ya tsuguna nesa da ni yana zanen ƙasa da tsinke. Ban taɓa ba shi amsa ba, ina ta jan aji, sai da na yi nisa da gida na gane ina sonsa. Na yi abin da 'yar boko za ta yi, na rubuta masa wasiƙa layi huɗu, na ce na yarda, ya turo manyansa wurin Baba. Na ba wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya kai masa.

Wata bakwai shiru. Ku da kuke fushi in saurayi ya ga saƙo bai amsa ba cikin minti biyar, ku auna wata bakwai. Na rame, na yi kuka, na rantse ko sunansa ba zan ƙara kira ba. Da na dawo hutu sai ga shi da fara'arsa kamar ba abin da ya faru. Na tsare shi da ido na ce ina wasiƙata. Sai ya naɗe hannun rigarsa na hagu. A dantsensa akwai wata laya ta jar fata, an ɗinka mata farin wuri biyu, da ɗan baƙin tuntu yana reto.

"Ga ta nan," ya ce. "Ban iya karatun ba, Lantana. In na kai ma wani shi karanta min, ya ji abin da kinka hwaɗa min kahin ni in ji. Shi ya sa nik kai ma baduku."

Ya ce tun ranar da ya ɗaura ta bayansa bai taɓa ƙasa ba. Mutane suka yi ta yaɗa cewa wani malami ne a ƙasar Kabi ya ba shi, har abokan karawarsa ba sa yarda su kama wannan hannun, kuma shi bai ƙaryata kowa ba. Da na gaya masa abin da ke cikin takardar ya yi dariya har da hawaye, wata bakwai yana ɗauke da amsarsa a jikinsa yana fargabar tambaya. Daga nan ya natsu, ya ce maganar nan tsakanina da shi ce, in ta fita ya zama abin dariya a kowane fili. Na dafa ƙirji na ce ko Inna ba za ta ji ba.

Baba bai so zancen ba. Shi wani akawu yake yi mini sha'awa, mai keke da farin wando, a ofishin kumandan mai mulkin yankin. Ya ce bai kai ni lakwal don in ƙare a gidan mai tuɓe riga a bainar jama'a ba. Fiye da shekara aka yi ana wannan ja-in-ja, kuma Inna ce ta tsaya mini, ba don tana son 'yan kokowa ba, sai don ta gaji da habaicin mata a gidan biki. A ƙarshe Baba ya sauko, ya sa wata Juma'a bayan an kai hatsi rumbu, ya ce manyan Mani su zo da goronsu. Tun daga ranar Inna ba ta zauna ba. Ta tara mata aka yi wa tsakar gida sabon daɓe, ta sauke tasoshinta na jere ta goge su da toka ɗaya bayan ɗaya.

A tsakiyar wannan jiran littafin ya shigo. Mushe Gilbert (Mushe shi ne Malam da Faransanci), mai kula da yaƙi da jahilci a yankinmu, Kirista ne daga unguwar mishan, mutumin kirki mai tabarau da son zane-zane. Ya same ni ya ce yara da manya sun fara haɗa baƙi, amma ba su da abin karantawa da Hausa sai yadda ake tace ruwa da yadda ake adana gyaɗa. Ya ce in rubuta labarai. Na rubuta shida na kai masa. Ya karanta, ya ce suna da kyau, amma duk magani ne, ba mai sha sai an toshe masa hanci. Yana son guda ɗaya da zai sa mutum dariya har ya manta ana koya masa abu.

Kwana uku ina gaban takarda ban ɗiga komai ba. Ran na huɗu Shaiɗan ya... a'a, kar in ɗora masa, ni ce. Na rubuta labarin layar a zama ɗaya. Na sake wa Mani suna na kira shi Ƙato, kuma don ya yi armashi na ƙara gishirin da bai faru ba: wai ya juya takardar sama a ƙasa, ya sansana ta, ya kai wa akuyarsa ya ce, akuya karanta mini. A ƙarshe na sa yarinyar ta gaji da jira ta auri akawu, don darasin ya fito. Mushe Gilbert ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ɗauki fensir ya tambaye ni yaya layar take don ya zana. Na ce jar fata, wuri biyu, baƙin tuntu, hannun hagu. Da na ce a wuya take, ko ba ta da wuri, da yau wani labarin nake ba ku.

Kuma bari in faɗa muku mafi munin, tunda na ce ba zan ɓoye ba. Abin da na kwantar da hankalina da shi shi ne, ai Mani bai iya karatu ba, ta yaya zai sani.

Littafin ya zo daga Yamai, shafi ashirin da huɗu, bango shuɗi, ga sunana a jiki da manyan baƙaƙe. Na yi ta sansanar takardar kamar yadda na sa Ƙato ya yi. Aka shirya mana zagaye a motar ofis, ni da Mushe Gilbert da direba, mu raba littafin gari gari. Tsarin ɗaya ne ko'ina. A tara mutane a gindin itace, a zaɓi yaron da ya fi iya karatu ya karanta da ƙarfi, in ya zo shafi mai hoto ya ɗaga littafin ya juya da shi, don tsofaffin da ba su iya ba su ma su gani.

Ba zan yi ƙarya ba, kwanakin farko sun fi kowane lokaci daɗi a rayuwata. A Ɗan Kassari yara suka biyo mota da gudu tun daga bakin gari. Wata 'yar ƙarama ta matso ta taɓa hannuna ta gudu, ashe gardama suka yi da ƙawayenta a kan ko masu rubuta littafi suna da jiki irin na mutane. Wata ta tambaye ni ko ina cin tuwo. Wata babba a cikinsu ta ja ni gefe ta nuna mini labarin da ta rubuta da gawayi a bayan fanteka, ta ce in duba mata ko ya yi. Muka fito da kaji da ƙwai da wake har motar ta rasa wurin ƙafa. Kuma duk inda muka je, shafi na tara ake so, labarin laya. Dariyar nan ta shiga kaina, in na ji ta sai in ji kamar ni na ƙirƙiro karatu a duniya.

Ran Talata muka nufi Kiéché, garin Mani.  A hanya na ce wa Mushe Gilbert ko yau a canza labari, maƙogwarona yana ciwo. Ya ce ai ba ni zan karanta ba. Ban iya ƙara komai ba, don in na faɗi dalili na karya alkawari, kamar ban riga na karya shi sau ɗari biyar a injin bugawa ba.

Mani ya yi mini tarbar da ban cancanta ba. Ya tara samarin gari da makaɗa, ya yanka bunsuru, ya shirya kokowa bayan la'asar don girmama baƙi, har ya gayyato 'yan kokowar ƙauyukan kusa. Cikinsu akwai Ɗanjuma, wanda Mani ya kayar kaka biyu a jere. Ni kuma na ci ado, atamfa shuɗiya mai zanen tsuntsaye, kallabi ya tashi sama, lalle har idon sawu, don na san dangin uwarsa suna bayan darni suna leƙen matar da za a kawo musu. Mani ya zauna a sahun gaba da 'yar shara marar hannu, dantsensa a fili, yana kallona yana murmushi.

Wadda aka zaɓa ta karanta sunanta Balki, ɗiyar yayarsa ce, shekararta sha ɗaya, an yi mata sabon kitso don ranar. Mushe Gilbert ya buɗe shafi na tara da kansa ya miƙa mata. A nan ne ya kamata in miƙe in karɓe littafin, in ce komai ma, in ce cikina ke ciwo. Ban miƙe ba. Gyara zaman kallabina na yi.

Balki ta fara, tana bin layi da yatsa, muryarta ƙarara. Aka yi dariya wurin juya takarda, aka fi yi wurin akuya, Mani ma yana yi. Da ta zo inda Ƙato ya kai takardar wurin baduku, na ga dariyar ta bar fuskarsa. Bai dube ni ba. Sai yarinyar ta ɗaga littafin yadda aka koya mata, ta juya dama, ta juya hagu, ta leƙa hoton ita ma. Ta dubi hoton, ta dubi hannun kawunta.

"Kawu," ta ce, "irin taka ta."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma wurin ya yi tsit har kowa ya ji. Ɗanjuma ne ya fara magana daga inda yake zaune.

"To Mani, mu duk shekarun ga takardar budurwa munka yi ta jin tsoro?"

Irin dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba, kuma ba na fatan ku ji. Balki ta rikice, amma an gaya mata mai karatu ba ya tsayawa sai ya kai ƙarshe, don haka ta ci gaba har inda yarinyar labarin ta auri akawu. Duk garin ya san zancen akawun Baba. Na ji motsin zannuwa a bayan darni, matan gidansu ne suka tashi.

Na ɗauka ba zai shiga fili ba. Ya shiga. Ya ɗaura walkinsa, layar tana nan inda take. Makaɗan Ɗanjuma suka ɗauki ganga, yara suka kama amshi, akuya karanta mini, akuya karanta mini, kalmomina, waɗanda na yi murna da na samo su. Ɗanjuma bai yi wani zagaye ba, kai tsaye ya cafki hannun hagun da ba wanda ya taɓa kamawa. Kafin in gama jan numfashi bayan Mani yana ƙasa. Ni ban san kokowa ba, amma na san ba ƙarfi aka fi shi ba ranar.

Kafin magariba ya same ni a gefen mota, ƙasar fili tana manne a bayansa, da 'yar wuƙa a hannu. Na fara surutu, na ce ban yi nufi ba, na ce labari ne kawai, na ce ai na sake suna.

"Suna kinka sake," ya ce. "Hannun nawa na."

Ya sa wuƙar ya yanke igiyar. Inda layar ta zauna fatarsa ta fi sauran jikinsa haske.

"Ni da ban iya karatu ba, abin da kinka rubuta min shekara biyu ina ɓoyonai, ko uwata ba ta gani ba. Ke da kinka iya, abin da nih hwaɗa miki da baki, shi kinka kai Yamai anka buga."

 Ya tambaye ni abu ɗaya, ko ƙarshen labarin, na auren akawu, shi ma gaskiya ne. Na ce wallahi a'a, don darasi na sa. Ya gyaɗa kai kamar mai jin labarin wasu, ya buɗe tafin hannuna ya ɗora layar, da ɗuminta. Na ce, Mani, Juma'a fa? Ya ce Juma'a tana hannun Allah, ya juya ya tafi.

Muna shirin tashi Balki ta zo da kuka ta miƙo mini littafin da aka ba ta kyauta. Ta ce in riƙe abina, ita ba ta ƙara karatu, tunda karatunta ne ya kada kawunta. Na durƙusa ina lallashinta, ina cewa laifina ne, ta ajiye littafin a ƙasa ta gudu. Wannan yarinyar ita ce ta fi kowa iya karatu a duk garuruwan da muka zaga.

 A mota Mushe Gilbert ya ce da na gaya masa da ya zana wata iri, ya yi ta ɗora wa fensirinsa laifi don ya rage mini nauyi. Na tambaye shi ko za a iya karɓo littattafan. Ya ce ɗari biyar ne, fiye da rabi suna hannun yara, kuma yaran sun haddace.

Washegari Laraba muka isa Tibiri, zangon ƙarshe, kuma taron ya fi na ko'ina. Tun kafin mu sauka yara suke kiran ta laya, ta laya. Shugaban lakwal ɗin ya ce tunda mai littafin da kanta ta zo, yau ba yaron da zai karanta, daga bakinta za a ji. Mushe Gilbert ya matso ya raɗa mini cewa zai iya cewa muryata ta dushe, ko in karanta wani labarin daban. Ya ba ni hanya a buɗe, shaida ne a kaina.

Na dubi yaran. Sun fi ɗari biyu, sun zauna a ƙasa sun zuba mini ido, wasu sun yi tafiyar safiya guda a ƙafa don su ga macen da ta rubuta littafi da harshensu. Zan so in ce muku don kar in ba su kunya ne na buɗe shafi na tara. Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Sauran gaskiyar ita ce ina son dariyar nan, ko a ranar, ko bayan abin da na gani jiya. Na karanta shi tun daga farko har ƙarshe, har da kwaikwayon kukan akuya. Suka yi dariya a daidai inda mutanen Kiéché suka yi, na ɗaga hoton na juya dama da hagu, aka tafa mini.

Ina saukowa wani direba da ya taso daga Dutsi da safe ya ratso taron yana nemana. Ya ce Inna ce ta aiko shi, kuma ta ce kar ya dawo ba amsa.

"Ta ce a hwaɗa miki daɓe ya bushe, ta aro tabarmi shida, Babanki ma ya sa an wanke babbar riga tai. Abin da taka son sani, manyan Mani mutum nawa za su zo jibi, don ta san hatsin da za a surhe."

Yara suna ta jan zanena suna cewa in sake karanta musu. Direban yana tsaye yana jira, ni kuwa hannuna yana cikin jaka, riƙe da layar.